Su Wane Ne Ke Cikin Gajimaren?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Giade bayan kaka ya san abin da zan faɗa. Tun da hantsi ake jibge buhunan gero da dawa da wake da riɗi, 'yan dako suna ta kai da kawowa, dillalai suna ciniki, kafin la'asar sakaliya manyan motoci sun cika sun kama hanya. Waɗansu su nufi Azare, waɗansu su zarce Kano, zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau, inda daga can ma hatsin yakan ƙara gaba har ƙetaren iyaka. Bayan 'yan kwanaki wata uwargida a cikin birni za ta auni tiya biyu, ta aika a kai inji, ta tuƙa tuwo, iyali su zauna su yi godiya su ci. Ba wanda zai ambaci Giade a wurin, ba kuwa don mugunta ba, gama ƙwayar hatsi ba ta faɗin gonar da ta fito.

A zamaninmu akwai masanan da aikinsu ke nan, bin sawun wannan buhu da dubban irinsa. Sukan gina birni na kwaikwayo a cikin kwamfuta, birnin da ba shi da ganuwa ko titi, sai lambobi: ruwa nawa ke shiga kowace rana, abinci nawa, itace da gawayi da man fetur nawa, shara da ƙazamin ruwa nawa ke fita. Sa'an nan su tambayi na'urar, in jama'a ta ninka cikin shekara ashirin fa? In damina ta gaza shekara biyu a jere fa? Tambayar da nake so mu duba tare, 'yan'uwa, ita ce wannan: sa'ad da birni ya zauna lissafin cinsa da shansa, a ina ya kamata ya ja layin da lissafin zai tsaya, wa kuma ke ɗauke da alhakin waɗanda layin ya bari a waje?

Kada kalmar kwamfuta ta tsorata mai karatu. Kowane maigida a ƙauye yana yin irin wannan lissafi, da ka kawai. Ya san dami nawa ya zuba a rumbu, ya san tiya nawa dami ke bayarwa in an sussuka, ya san bakin da ke ci a gidansa, ya kuma san wata nawa suka rage kafin sabon gero ya nuna. Yakan ware iri, ya ware baikon kaka, ya bar wani abu saboda baƙi ko rashin lafiya. In ɗan'uwansa ya aiko masa da yara biyu su zauna wurinsa, nan take lissafin ya sāke, uwargida ta rage awo. Abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage: ginshiƙin ke nan. Na'ura ba ta ƙara kome a kan wannan ba sai sauri da yawa, wato tana iya riƙe rumbuna dubu a lokaci guda, ta kuma gudu da su shekara hamsin gaba kafin shayi ya huce.

Wanda ya fara auna birni dukansa ta wannan hanya, har maganarsa ta bazu, wani injiniyan ruwa ne na Amurka mai suna Abel Wolman. A shekarar 1965 ya ɗauki birni na misali mai mutum miliyan ɗaya, ya lissafta cewa kowace rana yana shan tan 625,000 na ruwa, yana cin tan 2,000 na abinci, yana ƙona tan 9,500 na makamashi, sa'an nan yana fitar da tan 500,000 na ƙazamin ruwa, da tan 2,000 na shara, da tan 950 na hayaƙi mai guba. Ya kwatanta birni da jiki mai rai, wanda yake ci yana kuma fitarwa. In aka raba wannan ruwa, kowane mutum zai tashi da fiye da lita 500 a yini, wato jarka ashirin da 'yan kai. Uwar da ke jiran mai kurar ruwa da sassafe ita ce za ta fi kowa gane nauyin wannan lamba.

Bayan shekara huɗu, a 1969, Jay Forrester na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ya kai al'amarin cikin kwamfuta. Ya yi aiki tare da John Collins, tsohon magajin garin Boston, suka gina birnin kwaikwayo mai iyakataccen fili, da mutane iri uku, gidaje iri uku, masana'antu iri uku, ya bar na'urar ta gudu da shi shekara 250. Dabararsa mai sauƙi ce. Duk abin da ke taruwa, ko mutane ne ko gidaje, ana zana shi kamar randa. Duk abin da ke ƙara shi ko rage shi, ana zana shi kamar famfo. Randunan kuwa suna buɗe wa juna famfo suna rufewa: aiki ya yawaita, baƙi su kwararo; baƙi su yawaita, gidaje su yi kaɗan; a gina gidaje, filin masana'antu ya ragu. Wannan dabara ce ɗalibansa suka faɗaɗa ta zuwa duniya duka a rahoton nan na 1972 a kan iyakar bunƙasa, wanda aka daɗe ana gardama a kansa.

To, a cikin irin wannan zane akwai wata 'yar alama da ta daɗe tana damuna. Kowane famfo dole ya ɗebo daga wani wuri, ya kuma zuba a wani wuri. In wurin yana wajen abin da mai zane ya ƙudura zai lissafta, sai a zana ɗan gajimare. Ma'anar gajimaren ita ce: daga nan abin yake fitowa, ba ya ƙarewa, ba kuma ruwanmu da yadda yake. Haka kuma a ɗaya ƙarshen, inda ƙazanta ke zuba, wani gajimare ne, wanda ba ya cika. A taswirar cin birnin Kano, ko Bauchi, ko ma Azare, buhun nan da muka gani ana lodawa daga gajimare yake fitowa. Gonar, da manomin, da bashin takin zamanin da ya ci, da 'yarsa da ta bar makaranta lokacin shuka, duk suna cikin wannan 'yar alama.

Abin da gajimare ke iya ɓoyewa ya bayyana tun a aikin Forrester kansa. Na'urarsa ta nuna cewa gina wa talakawa gidaje masu rahusa yana ƙara wa birni wahala, domin yana jawo ƙarin marasa aiki, yana kuma cinye filin da za a kafa masana'antu. Shawarar da ta fito ita ce a riƙa rushe wani kaso na tsofaffin gidajen talakawa kowace shekara, a ƙarfafa sababbin sana'o'i. Ba mugun nufi gare shi ba. A ganinsa ta haka ne talakan da ke birni zai sami aiki ya ɗaga. Amma masu suka sun yi tambayar da ta dace: waɗanda aka hana shigowa da waɗanda suka fita, ina suka tafi? A cikin lissafin, duk ƙasar da ke kewaye da birnin gajimare ce, tana ba da mutane tana kuma karɓarsu ba iyaka. Lambobin birni sun gyaru, domin an tura wahalar inda ba a ƙirgawa.

Wani zai ce, ashe gara a bar wannan lissafe-lissafe, a dogara ga Mai bayarwa. Ban yarda ba. Mu da muka tashi da labarin Yusufu ba mu da hujjar raina hangen nesa. A Littafin Farawa sura 41 an nuna masa shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, bai kuwa naɗe hannu ba. Ya ba da shawara a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa, ya kuma ajiye a kowane birni hatsin gonakin da ke kewaye da shi. Wannan lissafin shiga da fita ne na ƙasa guda, ya kuwa ceci rayuka masu yawa, har da na gidan mahaifinsa. Shugaban da ke da hanyar sanin cewa ruwan garinsa ba zai isa ba nan da shekara goma, ya ƙi dubawa, sakaci ya yi, kome sunan da ya ba shi.

Sai dai labarin bai tsaya a sura 41 ba, mu ne muka saba tsayawa a can. A sura 47 yunwa ta tsananta, mutanen Masar suka kawo kuɗinsu suka sayi hatsi har kuɗi ya ƙare. Suka kawo dabbobinsu. A shekara ta gaba suka ba da gonakinsu da kansu, ƙasar duka ta zama ta Fir'auna, ban da ta firistoci, kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan kuma ya zama doka ta dindindin. Mutanen sun gode, gama sun rayu. Amma Littafin bai ɓoye mana ba cewa hatsin da suka saya da 'yancinsu daga gonakinsu aka tara shi. Wanda ya riga kowa sanin gobe, yana kuma riƙe da mabuɗin rumbu, ya sami iko a kan maƙwabcinsa, ko da shi mutumin kirki ne. Hasashe ya fito daidai, duk da haka tambayar adalci tana nan ba a amsa ta ba tukuna.

Bari mu dawo gida. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, manyan hukumomin duniya sun yi ta lissafin itacen girki a Afirka. Hanyarsu ita ce su ninka yawan jama'a da itacen da mutum guda ke ƙonawa, su gwada da abin da daji ke tsirowa a shekara, su ga giɓi, su miƙa giɓin gaba. Amsar kullum ɗaya ce: itatuwa za su ƙare, za a fara kuwa daga kewayen manyan birane. Sai waɗansu masana na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole, suka fita da ƙafarsu, suka ƙirga itatuwa a gonakin kewayen Kano, suka gwada da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun baya. Sakamakon da aka buga a 1990 ya nuna cewa itatuwan gonakin nan ba su ragu ba, duk da cunkoson jama'a da fari. Dalili kuwa, manomin Kano ba gajimare ba ne. Ya san darajar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, yana sassabe reshe ya bar gindi, yana kare ɗan tsiro in ya fito. Shi ne dai manomin da tun kakanni yake kai itace birni a kan jaki, ya komo da mangalar taki daga jujin birni ya zuba a gona. Lissafin ya ƙirga bakinsa, ya manta da hannunsa da hankalinsa.

Amma kada mu yi saurin tafi. Binciken nan ya kuma nuna cewa itacen da birnin ke ƙonawa ya koma zuwa a manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa, ɗaruruwan kilomita, inda ba mai shi a tsaye da zai kare shi. Gajimaren bai ɓace ba, matsawa ya yi. Wanda ya bi hanyoyin Jihar Bauchi ya ga buhunan gawayi a jere a bakin titi ya san inda ya matsa.

Misalin da ya fi shafarmu, mu na ƙasar Katagum, shi ne na ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama a 1974. A 1992 aka gama ta Challawa. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Daga cikinsu birnin Kano ke sha, ta matatun ruwa na Challawa da Tamburawa, daga Tiga kuma ake ban ruwan manyan gonakin rani na Kadawa da Kura. Ba wanda zai ce wannan ba alheri ba ne. Miliyoyi suna sha, tumatir da shinkafa da alkama suna fitowa. Amma a lissafin masu ginin, ruwan da ke wucewa gabas kusan asara aka ɗauke shi. Alhali kuwa wannan ruwa shi ne ke malala kowace damina a fadamun Haɗeja da Nguru, inda yake haɗuwa da na Kogin Jama'are kafin su zama Kogin Yobe a wajen Gashua, su nufi Tafkin Chadi. Can ake noman shinkafar fadama, ana su, makiyaya suna kiwon rani, ruwan kuma yana nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ko kogin ba su gani. Bayan madatsun, haɗe da farin shekarun 1970 da 1980, filin da ruwa ke rufewa ya ragu ƙwarai. Daga baya kuma, da aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, sai ciyawar kacalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki.

A nan ne kwamfuta ta yi aikin da ya kamata a yaba. A farkon shekarun 1990, Ted Hollis da Julian Thompson na Kwalejin Jami'a ta Landan, tare da shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru wanda aka kafa a 1987, suka gina kwaikwayon kogunan nan a na'ura: ruwa nawa ke shigowa wata-wata, nawa rana ke sha, nawa ke nutsewa, nawa ke wucewa Gashua. Suka gwada, in an gina wannan madatsa fa, in an faɗaɗa waccan gona fa, in ana sakin ruwa da yawa a tsakiyar damina fa? Sa'an nan masanin tattalin arziki Edward Barbier ya sa wa shinkafa da kifi da itacen fadama kuɗi. Abin da shi da Thompson suka buga a 1998 ya nuna cewa ribar da manyan gonakin ban ruwa na sama za su ƙara ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da mutanen fadama za su yi ba. Na'urar da dabarar duk irin waɗanda aka saba ne. Abin da ya bambanta shi ne an matsar da layi, an buɗe gajimaren, sai ga mutane a ciki da komarsu da garkensu.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanmu. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, har yanzu ba shi da babbar madatsa, shi ya sa ruwansa yake da muhimmanci ƙwarai ga mutanen gabas. Amma tun shekarun 1970 ake maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Bunga, wato can saman Kogin Jama'are, wadda aka tsara za ta riƙe mita kubik miliyan 2,700. An ba da kwangila a 1981, aka tsaya a 1984, aka ta da ita a 1992, aka sāke tsayawa a 1994, har wa yau ba a gama ba. Mutanen Jihar Bauchi suna marmarinta, suna kuwa da dalili: matasanmu suna tafiya ci-rani saboda ba aikin yi bayan kaka, gonar rani za ta riƙe da yawa a gida. Mutanen Yobe da Borno kuma suna tsoronta, su ma suna da dalili. Ga Kano, mu ne gajimare. Ga masuncin Nguru da manomin Gaidam, mu ne masu riƙe da alƙalamin zane. Yana da sauƙi mutum ya ga rashin adalcin layi sa'ad da shi aka bari a waje. Da wuya ya gan shi sa'ad da layin ya zagaye gonarsa.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi da dole mu saurara. Injiniya zai ce, kowane lissafi sai da iyaka. In ka ce sai an ƙirga kowa da kome, daga manomin Isawa har zuwa masuncin Baga da jikokin da ba a haifa ba, ba za a taɓa gama lissafi ba, ba za a haƙa ko rijiya ɗaya ba, yara kuwa suna jin ƙishi yau. Gaskiya ne. Ba laifi ba ne a zana gajimare, gama ilimin ɗan Adam guntu ne, taswirar da ta kai girman ƙasa kuma ba ta da amfani. Inda laifi ke shiga shi ne a manta cewa mutum ne ya zana shi, ya kuma zaɓi inda zai sa shi, sau da yawa daidai inda hakkin wanda ya biya kuɗin aikin ya ƙare. Sa'an nan a fito gaban jama'a a ce kwamfuta ce ta faɗa, sai ka ce wahayi. Masanin Attaura da ya tambayi Ubangiji ko wane ne maƙwabcinsa, a Luka sura 10, layi yake nema, ya san inda nawayarsa ta tsaya. Labarin da aka ba shi amsa da shi bai ba shi layin ba.

Ko lissafin nan na fadama da na yaba, akwai abin da ba zai iya ɗauka ba. A ce amsar ta fito akasin haka, a ce ribar gonakin sama ta ninka asarar mutanen ƙasa. Da ya zama daidai ke nan a busar da fadamarsu? Na'ura takan haɗa riba da asara a shafi ɗaya, ta ɗebe wannan daga waccan, kamar aljihu guda ne. Amma ba aljihu guda ba ne. Wanda ya sami tumatir a Kadawa dabam, wanda ya rasa kifi a Nguru dabam, na farkon kuwa ba ya aika wa na biyun kome. Lissafi yana iya faɗa mana nawa ne, da wa zai samu, da wa zai rasa, wannan kuwa babban taimako ne, domin yana tone abin da mai son kai yake so a binne. Amma ko wanda zai rasa ya yarda, ko an tambaye shi, ko za a rama masa, ko ma akwai abin da bai kamata a karɓe wa matalauci ba kome ribar, waɗannan ba su da famfo ko randa a cikin zane. Dole mutane su zauna ido da ido. An ɗan gwada haka a 2006, sa'ad da jihohi shida da ke shan waɗannan koguna, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka taru a Damaturu suka amince da tsarin kula da ruwan tare, suka kuma kafa asusu dominsa. Tafiyar tana da nawa, kacalla ma ba ta jiran taro. Duk da haka, na sama da na ƙasa sun zauna a ɗaki ɗaya da lambobi iri ɗaya a gabansu, abin da ba a yi ba sa'ad da ake gina Tiga.

Sai kuma mu tuna lambobin kansu daga ina suke fitowa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Giade mutum 156,969. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, saboda haka duk wanda ke lissafin bakin da ke ci a garuruwanmu yana gini ne a kan ƙiyasi. Abin da ba a saye da kuɗi, ko ba ya bin bututun gwamnati, shi ya fi saurin ɓacewa. Ruwan da mai kura ke turawa unguwa-unguwa, rijiyar burtsatse da mai hali ya haƙa a gidansa har ta ja ruwan rijiyar maƙwabci ƙasa, sa'o'in da yarinya ke ɓatawa a layin famfo ko neman kara da itace, ba safai suke shiga shafin kowa ba. Abin da ba a ƙirga ba na'ura takan ɗauke shi sifiri ne, kuma yawancin waɗannan sifirai mata ne da yara.

Ina faɗar wannan ga iyalai ne domin dalili biyu da suke kusa da mu fiye da Boston. Na ɗaya, 'ya'yanmu da ke karatun injiniya da kwamfuta a Bauchi da Gadau da Zariya su ne za su riƙa yin waɗannan zane-zane gobe, a hukumar ruwa, a ma'aikatar tsare-tsare, a kamfanoni. Manhajojin suna nan a intanet, waɗansu kyauta. Jami'a za ta koya musu randa da famfo da kyau. Amma yaron da ya yi hutu a ƙauye ya ga kakarsa tana sheƙar gero, aka kuma faɗa masa a gida cewa tuwon nan gumin wani ne, zai yi wuya ya zana gajimare a kan Giade hannunsa bai ɗan tsaya ba. Na biyu, kowane gida ƙaramin birni ne, yana da nasa gajimaren. Lissafin uwargida yakan fara daga bakin kasuwa ya ƙare a bakin kwata. Buhun gawayi ya yi arha, mu yi murna, ba mu tambayi wace ƙirya ce ta faɗi ba. Mu taya wa manomi hatsinsa da wulakanci lokacin kaka, sa'ad da bashi ya matsa masa, mu ɓoye, mu sayar masa da shi ninki biyu a tsakiyar damina, mu kira wannan dabara. Ledar da muka zuba a magudana da dare tana da inda za ta tsaya, a ƙofar wani ne.

Ba na cewa mai albashin da bai kai ƙarshen wata ba ya daina neman sauƙi, ko uwar da ba ta da kuɗin gas ta daina hura gawayi. Talakan birni da talakan ƙauye sau da yawa 'yan ɗaki ɗaya ne, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna. Nauyi ya fi yawa a kan mai iko da mai hali, waɗanda suke da zaɓi. Amma ko mai ƙaramin ƙarfi yana iya sanin daga ina abincinsa ya fito, ya auna da mudu na gaskiya, ya biya ɗan dako hakkinsa kafin rana ta faɗi.

A watan Agusta na 2024 ruwan sama mai yawa ya sauka a ƙasar Katagum. Ambaliya ta rushe gidaje ta cinye gonaki a Giade da Shira da Katagum, ta kuma yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a kusa da Azare. Motocin da suka saba wucewa da kaya ba tare da kowa ya kula ba suka tsaya cik a bakin ramin, aka koma neman zagaye. A taswirar cin birni, wannan hanya ɗan siririn layi ne mai kibiya a kai, wanda ya fito daga gajimare ya shiga randa. A waɗannan kwanaki masu jiran kaya a Kano da Potiskum da Maiduguri sun koyi sunayen ƙauyukan da layin ya ratsa, suna ta bugo waya suna tambaya ko ruwa ya janye.